Kwana uku a wani tsohon gida cikin birnin Fas

Da na ce wa abokina ba a otal zan sauka ba in na je Fas, cikin tsohon gari zan kwana a irin gidajen nan da mutanen Maroko ke kira riyad, dariya ya yi min wai zan gane kurena. To na ɗan gane ɗin kam, don a bakin ƙofar Bab Bujalud mai tasi ya sauke ni ya ce iyakarsa ke nan, mota ba ta shiga Fas al-Bali, wato tsohon garin, sai ƙafa sai jaki da alfadari. Wani mai kura ya ɗora akwatina muka yi ta gangara lungu bayan lungu, in ka ji an ce "balak, balak" to maza ka manne da bango, dabba ce tafe da kaya.

Ƙofar gidan wallahi ba za ka kalle ta sau biyu ba, katako ne tsoho a jikin dogon bango ko taga babu, har gabana ya faɗi na ce shi ke nan an cuce ni. Sai da muka bi wani ɗan soro mai lanƙwasa sannan tsakar gida ya buɗe, ƙasa da gindin bango duk an shimfiɗe da ƙananan tayil masu launi da suke ce wa zallij, ga ɗan kwarmin ruwa a tsakiya, sama a buɗe haske na zubowa. Ashe haka ginin nasu yake, duk tagogi ciki suke kallo, kaurin bangon kuma shi ke riƙe sanyi da rana.

Ɗakina ba wani abu a ciki, gado ne da bargo biyu da ƙusar rataye riga. Babu talabijin, intanet kuwa sai ka fito tsakar gida kana ɗaga waya. Matattakalar ce ta ba ni wuya, ƙunci ga tsayi, kuma duk wanda ya yi tari a ƙasa kana jin sa a hawa na uku, mai saurin farkawa ya san da wannan.

Amma saman rufin nan! Da asuba na hau, kiran salla na tasowa ta ko'ina wani na bin wani, da gari ya waye dattijon mai gidan ya nuna min koren rufin Ƙarawiyyin, masallacin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859, ya ce zawiyyar Shehu Ahmad Tijjani ma ba nisa daga nan, a Fas ɗin ya rasu a 1815 kuma nan kabarinsa yake. Tsohon garin da tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, ga shi maƙwabciya na shanya wanki a rufin da ke manne da namu, ko a jikinta.

Na ce "Baba, taswirar wayata fa rikicewa take a lungunan nan." Ya ce "Sidi, ajiye ta. In ka ɓata ka bi hawa kawai, za ka fita Bujalud." Sau biyu na ɓata ranar, sau biyun kuma hawan na bi ina haki.