Kofunan takarda 600 da na yi asararsu a rana ɗaya

Tunkiyar Inna ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Ta yi makonni tana ramewa, ga dusa ga harawa amma ko kallonsu ba ta yi, da muka ga za ta tafi a banza sai aka kira mahauci. Yana farke tumbin ya zaro dunƙulen leda, sun murɗe kamar igiya. Yawancinsu farar ledar nan ce da ake ƙulla zoɓo da kunu, kuma a ƙauyenmu, nan kusa da Gumel, babu mai ƙulla ta da yawa kamar Yayata. Ba wanda ya ce uffan, amma kowa ya san inda ledar ta fito.

Tun a Janairun 2024 na ji a rediyo cewa Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso. Mu a nan ba doka muke jira ba, dabbobinmu ne ke mutuwa, gonakin da aka kai wa takin bola kuma sai ka ga leda na leƙowa daga kunya. Na ce bari in ƙera wa Yaya mazubin da in an yar zai ruɓe.

Da farko na so in sayo kofin takarda na kanti. Allah Ya sa na jiƙa guda na kwana, da safe na ɓare shi, sai ga siririyar leda shimfiɗe a cikinsa. Ita ke riƙe ruwan. Na gwada sitacin rogo, na dafa na shanya ya zama 'yar fata kamar leda, kyakkyawa, amma ruwa na taɓa shi ya koma koko. Ƙaro ma haka, ruwa ne abokinsa. Daga ƙarshe na tsaya a kan takarda mai kauri ruwan ƙasa wadda ba rubutu a jikinta, don tawadar jarida ba abin da za a kai baki ba ce. Na naɗe ta kamar mazurari, yadda masu gyaɗa ke yi, don haɗin ya zama guda ɗaya tal, na manne da sitaci, na tsoma a narkakken kakin zuma.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Da hunturu na yi gwajina, cikin Disamba, da ruwan randa. Na cika kofi na jingine shi a lungu ya kwana, ko ɗigo bai zubar ba. Na sake, na sake, sau uku, duk da ruwan sanyi, duk a cikin ɗaki. Murna ta rufe mini ido. Na ɗauki kuɗin riɗina na sayo takarda daga Kano, na bi masu zuma na tara kaki, ni da ƙannena muka yi ta naɗi dare da rana har muka haɗa kofi 600.

Yaya ta faɗa mini. Ta juya kofin a hannunta ta ce, "Ƙanena, ka zuba masa kunu mai zafi ka gani kuwa?" Na ce mata kaki ai sai an ɗora shi a wuta yake narkewa. Ta ce to, Allah Ya sa albarka.

Sai cikin Afrilu muka fita da su, ranar Alhamis, kasuwar Maigatari. Wanda ya san zafin Jigawa a wannan wata ba sai an yi masa bayani ba, ma'auni yakan haura digiri 40. Na jera kofunan ɗaya cikin ɗaya, na danna su a buhu, na ɗaure a bayan babur. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, wannan na sani, shi na riƙe. Abin da ban lissafa ba, tun kafin ya kai nan yakan yi laushi ya yi danƙo. Da muka kwance buhun, kofunan sun manne da juna sun zama sanduna. Ka ja ɗaya, ya yage ya bar rabinsa a jikin ɗan'uwansa. Da ƙyar muka ceto kamar tamanin.

Tamanin ɗin ma ba su fitar da ni kunya ba. Wani dattijo mai shanu ya ce a ba shi kunun tsamiya, Yaya ta kwarfo daga kula yana tururi. Kafin ya kai baki kakin ya taso saman kunun kamar mai, gindin kofin ya saki, kunu ya bi masa hannun riga. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Ɗana, wannan abin naku bai nuna ba tukuna." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yaya ta ba shi haƙuri, ta jawo ledar da ta ɓoyo a ƙasan bokiti ba tare da na sani ba, kasuwa ta ci gaba.

Kofi ɗaya da kunu ludayi biyu, minti biyar, su ne da sun hana wannan asara. Kullum a nan tunanina yake tsayawa. Duk mai son yin irin wannan, ya gwada da ainihin abin da za a zuba, da zafinsa da tsaminsa, a watan da za a sayar, ya ɗaure a babur ya bi hanya da shi, sannan ya yi guda ashirin kafin ya yi ɗari.

Akwai kuma abin da leda ta fi ni da shi, wanda sai a kasuwa na gane: ƙulli. Yaro zai saya ya jefa a aljihu ya kai gida. Kofina ba shi da murfi, na sha-yanzu ne kawai.

Yanzu mun raba aikin. Zoɓo mai ƙanƙara da kunun aya, ga mai sha a tsaye, su ke shiga kofin takarda. Kakin na rage shi, shafawa nake yi ta ciki kaɗai maimakon tsomawa, kuma a kwandon kaba nake ɗauko su da jiƙaƙƙen tsumma a kai. Kunu mai zafi ya koma ƙoƙon duma, a sha a miƙo a wanke, yadda Inna ta ce ake yi kafin leda ta shigo gari. Mai kai wa gida in ya zo da kwanonsa, Yaya na yi masa gyaran ludayi guda. Wannan dabarar tata ce, kuma gaskiya ta fi kofina rage leda. Matafiya dai har yanzu ƙulla musu ake yi, ban samo musu mafita ba.

Na binne kofi uku a bayan garke da damina, da na tona bayan kaka sai ɓurɓushi, gara ta gama da su. Wannan ya sanyaya mini zuciya. Sandunan da suka manne kuwa suna nan a buhu a ɗakin girki, Yaya na yagar kaɗan-kaɗan tana hura wuta da su. Duk safiyar da na ji ƙamshin kaki na tashi daga murhu, kuɗin riɗina nake tunawa.