Ajuji, Sunan da Na Ci Abinci da Shi

Muna yara, in lokacin Samanja ya yi a NTA Kaduna, ɗakin maƙwabcinmu mai talabijin ba ya ɗaukarmu, wasu sai ta taga. Usman Baba Pategi da ke fitowa a matsayin Samanja, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne na gaske, shi ya sa in ya daka tsawa da Hausarsa ta bariki sai ka ga sajan manjo a gabanka. A wurinsa na gane cewa ɗan wasan barkwanci da sunansa kamar riga da wuya ne. Ibro ma ai haka, har ya rasu a 2014 mutane da yawa ba su san Rabilu Musa ne sunansa ba.

Da na samu shiga wani gidan talabijin, darakta ya ce in nemo suna. Na ce a gida Ajuji ake ce mini. Ya kwashe da dariya, ya ce shi ke nan. Aka ba ni yagaggiyar riga da buhu, na zama mai tone-tonen bola. Wasan talabijin ba kamar na dandali ba ne, babu jama'ar da za su yi maka dariya ka ji ƙarfi. Ni kafaɗar mai kyamara nake kallo. In ta fara rawa, magana ta zauna. Na kuma koyi yin shiru bayan na saki magana, don da farko gudu nake yi ina taka dariyar da kaina.

Shekara huɗu ina wasan, Inna ba ta taɓa kallo ba. Na ɗauka kunya ce irin ta iyaye.

Kakata ce ta warware mini, ranar da na kai mata goron Sallah. Tana ɓare gyaɗa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai ja'iri, ka san abin da kake wa dariya?"

Na ce, "Sunana ne, tsohuwa, ko ke kika saya mini?"

Ta ce uku Inna ta binne kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Wabi ke nan. Da aka haife ni, ita da hannunta ta naɗe ni a tsumma ta ajiye kan juji, wai a nuna ba a damu da ni ba, ko mutuwa ta raina ta wuce. Wata maƙwabciya ta tsinto ni ta mayar wa Inna. Malamai dai sun ce camfi ne, ni ma na yarda, amma macen da ta rufe uku ba ni da bakin yi mata wa'azi.

Sunan ban bari ba, buhun na ajiye. Na roƙi darakta a mayar da Ajuji mai shayi, muka yi ta ja har mako biyu kafin ya amince. A fitowa ta uku ƙanwata ta bugo waya, wai Inna ta zauna har ƙarshen shirin, kuma ta ce madarar ta yi yawa.