Gwal daga ramin Anka zuwa akwatin amarya

Haƙar zinariya sana'a ce daban, ƙirarta ma sana'a ce daban, kuma ba kasafai mutum ɗaya ke haɗa su ba. Ni da rami na fara a ƙasar Anka, daga baya na zauna gaban wani dattijon maƙerin fari a Gusau na koyi narki da jan waya da liƙi. Yanzu abincina ke nan: in samo gwal da hannuna tare da abokan raminmu, in ƙera wa mace abin da ta zo da shi a ranta, zobe ne ko 'yan kunne, sarƙa ko awarwaro. Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, duk abin da zan ƙera in ƙera shi da tunanin ranar da mai shi za ta sayar.

A ƙasarmu gwal asusun mace ne. Za ta sa shi a biki ta mayar akwati, amma ranar da ciwo ya kwantar da wani nata, ko kuɗin makaranta ya taso, ko kuma, kamar yadda Zamfara ta koma, aka ɗauke ɗan'uwa ana neman kuɗin fansa, shi za ta fara ɗaukowa. A ranar nan mai saye ba ruwansa da kyawun zane. Sikeli zai ɗora, ya goga a dutsen gwaji, ya ɗiga asid, ya faɗi kuɗi. Duk ha'incin da maƙeri ya ɓoye a cikin sarƙa, a ranar yake fitowa, lokacin da matar ba ta da ƙarfin jayayya.

Shi ya sa na ɗauki lissafin karat, wato ma'aunin tsantsar gwal, da muhimmanci. Gwal ɗin da ke fitowa daga ƙasa ba tsantsa ba ne, akwai azurfa a jikinsa da sauran datti, kuma na wannan rami ba ɗaya yake da na wancan ba. Sai an narka shi a kasko da garin boras, wani farin sinadari mai janye datti, dattin ya taso sama, sannan a gwada a san matsayinsa. A nan nauyi kan ragu, wanda bai saba ba sai ya ɗauka an cuce shi. Tsantsar gwal, mai karat 24, ya yi laushi da yawa, zobensa lanƙwashewa yake yi a yatsa. Dole a haɗa shi da jan ƙarfe da azurfa. Mai karat 22 kashi 916 cikin dubu na nauyinsa gwal ne, mai 21 kashi 875, mai 18 kuma 750. Idan na buga 875 a bayan maɗaurin sarƙa, to 875 ɗin ne, ko a Kano aka gwada ko a Makka.

Inda aka fi cutar mata, a ganina, wajen liƙi ne da duwatsu. Sarƙa mai ƙananan gaɓoɓi tana da ɗaruruwan mahaɗai, kowace da ɗigon liƙinta. In maƙeri ya yi amfani da liƙi mai ƙarancin gwal don ya fi saurin narkewa, daga waje ba a gani, amma ranar narki sarƙar za ta faɗi ƙasa da abin da aka rubuta mata. Duwatsun ado kuwa yawancinsu gilashi ne. Ana auna su tare da gwal ranar saye, a ɓamɓare su ranar sayarwa.

Wata Hajiya ta zo mini da hoto a waya, tana haɗa wa ɗanta lefe. Saiti ne cike da duwatsu, sai ƙyalli. Na ce, “Hajiya, zan iya yi, amma ki bari in auna miki gwal ɗin shi kaɗai kafin in dasa dutse ko ɗaya, in rubuta miki nauyinsa daban, kuɗin aikina daban.” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, wanga gwal ɗan ina na?” Na buɗe 'yar kwalba na zuba mata ɗanyen garin a farar takarda, ga shi nan ja-ja, wasu ƙwayoyin ba su kai ƙwayar gero ba. Ta daɗe tana juya takardar kafin ta ce a rage duwatsun, a ƙara kaurin awarwaro.

Tambayar tata ita ce ta kowa. Mutanenmu sun fi yarda da ɗan Dubai da ɗan Saudiyya, kuma ban ga laifinsu ba, don can akwai hukumar da ke sa ido kan hatimin da ake bugawa a jikin gwal, ga injinan da ke fitar da aiki sumul. Abin da ke mini ciwo shi ne, gwal mai yawa daga ƙasar nan yake fita ɗanye ta bayan fage, a ƙera shi a waje, matanmu su saye shi da tsada, ladan aikin ya tafi ga wasu. Cewa “ni na haƙo shi” ba ya ƙara ko kwabo a kan giram, domin farashi daga kasuwar duniya yake zuwa, da dala, a kan kowace oza mai giram 31.1. Amfaninsa ɗaya ne: na san abin da ke cikinsa tun daga dutse, zan iya tsaya masa. Ribata tana cikin kuɗin aiki. Ƙurar da ke zubowa daga zarto kuwa, tara ta nake yi a fatar da ke shimfiɗe a cinyata, in narke ta a mayar wa mai kaya ko a cire masa daga lissafi.

Sanin asalin gwal kuma nauyi ne a wuya. Duk ɗan Anka ko Bukkuyum ya san abin da ya faru a 2010. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma, aka riƙa kai shi cikin gidaje ana daka ana niƙa, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka gano musabbabin. Ƙauyen Bagega ba a kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. Tun daga nan ƙa'idar raminmu ita ce dutse ba ya shiga gari, niƙa da ruwa ake yi don kada ƙura ta tashi, kayan aiki a wurin aiki suke kwana, kuma mutum ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. Zaiba ma, wadda ake kama garin gwal da ita sannan a ƙone ta, hayaƙinta guba ne ga ƙwaƙwalwa. Mun koma wanki a tire da narki da boras. Ya fi cin lokaci, kuma har yanzu akwai ramukan da ba su yarda su bar zaiba ba.

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage haramcin ba sai Disamban 2024. A tsakanin nan da tsofaffin kayan mata na riƙe shago, in narke sarƙar uwa in fitar wa 'yarta da 'yan kunne da zobe. A nan ne na ga cikin aikin maƙera da yawa, na gida da na waje, na ga wanda hatiminsa ya yi daidai da abin da kasko ya nuna da wanda bai yi ba. Da aka buɗe, muka haɗu muka yi ƙungiyar haɗin gwiwa don mu yi aiki da takarda, tunda dokar ma'adinai ta 2007 a hannun gwamnatin tarayya ta bar ikon bayar da lasisi. Dajin dai bai gama lafawa ba, akwai wuraren da muka sani da arziki amma ba mai taka su. Saboda haka idan aka ba ni aikin saiti babba, nakan faɗa wa mai shi tun farko cewa zai iya ɗaukar watanni, kuma in gwal ɗin raminmu bai isa ba na cika da na saye, zan rubuta mata giram nawa ne na rami, giram nawa ne na kasuwa.