Saƙon Godiya Bayan Nunin Tsofaffin Fina-finai

A madadin kwamitin da ya shirya nunin tsofaffin fina-finan da aka zaƙulo daga ma'adana, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu har Allah ya nufa aka yi taro lafiya aka tashi lafiya.

Godiya ta farko ta masu aikin adana fina-finai ce, waɗanda ba kasafai ake jin sunansu ba. Zaren fim ba ya jure zafi da danshi. Idan aka bar shi a gwangwani babu kulawa, sai ya soma warin tsami, ya motse, ya kakkarye, kuma mai gyara sai ya bi shi hoto bayan hoto. Da irin wannan haƙuri aka ceto "Shaihu Umar", wanda marigayi Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'adanar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Abin da ya fi sosa mana rai shi ne yadda matasan da suka cika zauren nuninmu suka zauna fiye da awa biyu suna kallon labarin cinikin bayi a ƙasarmu, cikin Hausar da kakanninsu suka yi.

Haka kuma muna jinjina wa masu shirya fim na Sudan, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1989, watanni kaɗan kafin juyin mulkin Umar al-Bashir ya daƙile ayyukanta. Gajeren fim ɗin ɗaya daga cikinsu, Ibrahim Shaddad, na 1981, na raƙumin da aka ɗaure wa ido yana ta zagaya matsar riɗi, shi ya fi jawo muhawara, kuma a ganina bai buƙaci tafinta ba, balle yanzu da yaƙi ke cin ƙasar tun 2023.

Muna gode wa dattawan da suka ba mu labarin zamanin majigi a ƙofar fada, da malaman da suka jagoranci tattaunawa, da ɗaliban da suka yi dakon kujeru, da bawan Allahn da ya ara mana janareta bai karɓi ko sisi ba. Duk mai tsohon zaren fim ko kaset a gida, don Allah kada ya yar, ya tuntuɓi kwamiti. Allah ya saka wa kowa da alheri.