Adakar kakana da wasiƙun Burma

Bara da rani, da za mu gyara rufin tsohon gidanmu a cikin garin Sakkwato, muka ciro wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gadon marigayi kakana. Dillalin fata ne shi, jar akuyar nan tamu da ake kai fatarta har Ingila. A ciki akwai takardu ƙulli goma sha ɗaya, kowanne an ɗaure shi da ƙyallen atamfa: rasitai, wasiƙu da ajami, sai wani littafin tallar kayan kanti mai hotunan fitila da kwanuka da kekuna, farashinsu a fam da sule.

Wasiƙun na ƙanensa ne, wanda aka ɗauka soja lokacin yaƙin duniya na biyu, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suna cikin waɗanda suka yi yaƙi da Japan a dazukan Burma a 1944 da 1945. Babu sunan gari ko ɗaya a wasiƙun, domin hafsoshi kan tace su kafin a aiko. Gaisuwa ce kawai, da kukan ruwan sama, da tambayar ko gero ya yi kyau.

Ɗoki ya sa na kwance ƙullin duka a dare ɗaya, na ware wasiƙu gefe, rasitai gefe, ina ganin gyara nake yi. Da safe Goggo ta shigo, ta daɗe tana kallon tabarmar, sannan ta ce, "Ɗana, Baba bai ɗaure su haka nan a banza ba." Ashe duk kuɗin da sojan ya aiko, kakana sai ya saya masa fata da su, ya haɗa wasiƙar da rasitin cinikin wuri guda. Lissafin amana ne tsakanin wa da ƙane, ni kuwa na wargaza shi. Wata biyu muka yi da Goggo muna gwada kwanan wata da alamar tsatsar allura a jikin takardu, muka mayar da bakwai. Huɗun da suka rage har yau suna damuna.

Daga baya na je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu neman shawara, wurin da ya kamata in fara zuwa. Abin da na koyo can: a ɗauki hoton kowane ƙulli kafin a taɓa shi, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a kai takarda a rufe ta da leda mai zafi, a zare allurai masu tsatsa, a yi lamba da fensir. Hunturunmu yana busar da takarda har ta karye, damina ta kawo danshi da gara, don haka adakar ta bar ƙasa ta koma kan kantar ajiye kaya.

Littafin kantin ma da na raina ya yi magana. A shafin kekuna an zagaye Raleigh ɗaya da fensir. Na nuna wa Goggo, ta sa hannu a kai, ta ce wannan keken ta san shi, a kansa Baffa, wato sojan nan, ya riƙa kai ta makarantar allo bayan ya dawo daga yaƙi a 1946.