Sabuwar VM, amma tana tafiyar kunkuru

Koken da ya fi zuwa mana a wannan aiki na haɗa sabobi shi ne: jiya aka ƙirƙiri VM (kwamfutar manhaja da ke zaune baƙuwa a cikin saba), babu komai a cikinta, amma ko buɗe fayil sai an jira. Sau da yawa kafin a nemo mu an riga an kira wani mai araha, wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato ƙara vCPU, rabon furosesar da ake ba VM. Daga 2 ya mayar 8, daga 8 ya mayar 16, saibin ya ƙaru. Abin da bai sani ba, baƙuwar kwamfuta ba ta mallaki furosesa ba, layi take bi a wurin mai masaukinta, ainihin sabar. Baƙi goma, kowacce ta riƙe vCPU 8 a kan saba mai ƙwayoyi 16, ai jira zai fi aiki yawa. A ESXi, manhajar VMware mai ɗaukar VM, mukan buɗe esxtop, mu ɗauki %RDY, wato kason lokacin da baƙuwar ta yi tana jiran furosesa, mu raba da yawan vCPU. Ya haura 5 mun fara zargi, ya kai 10 ba sauran shakka. A cikin Linux, lambar st da umarnin top ke nunawa ita ke faɗin lokacin da aka ƙwace wa baƙuwar. Rage vCPU ake yi a nan.

Amma ba daga can muke farawa ba. Tambayar farko, awa nawa VM ɗin ta yi a kunne? Sabuwar Windows tana cinye awanninta na farko wajen sabuntawa, ga Defender mai farautar virus na bincike, ga ayyukan bayan fage irin TiWorker da mscorsvw suna cin furosesa. Linux ma tana da nata ayyukan farkon kunnawa, cloud-init da ext4lazyinit. Wannan nauyin da kansa yake wucewa, ba ma karɓar kuɗi a kansa.

Idan bai wuce ba, sai mu leƙa BIOS ɗin sabar mu ga ko VT-x ko AMD-V, tallafin da furosesa ke ba VM, a kunne yake. In a kashe yake, /dev/kvm, ƙofar da Linux ke bi ta yi amfani da wannan tallafin, ba zai bayyana ba, kuma QEMU, manhajar da ke tafiyar da VM ɗin, zai iya komawa kwaikwayon furosesa da manhaja zalla, kowane umarni sai an fassara. Masu tafiyar da VM da VirtualBox a kan Windows su duba ƙasan tagar: in akwai koren kunkuru, Hyper-V, manhajar VM ta Windows ɗin kanta, shi ne ya riga ya kama tallafin.

Inda gwani yake bambanta da ɗan danna-danna shi ne direbobi (manhajojin da ke sarrafa kayan kwamfuta) da faifai. Mai gaggawa yana barin faifai a kan IDE ko SATA, katin sadarwa a kan e1000, saboda su ne Windows ke gani ba tare da wahala ba. Kayan kwaikwayo ne, kowane karatu da rubutu sai ya yi zagaye. A KVM da Proxmox, masu ɗaukar VM a kan Linux, muna sa VirtIO SCSI da katin VirtIO, kayan da aka yi musamman don VM, mu jona ISO na virtio-win, faifan direbobinsu, tun lokacin girka Windows. Sauyawa daga baya yana yiwuwa, amma wanda ya sauya faifan da Windows ke tashi daga kansa kafin ya sa direba, shuɗin allon rushewar Windows zai tarbe shi. A VMware kuwa PVSCSI ne da vmxnet3, tare da VMware Tools. A KVM da Proxmox, nau'in furosesa mukan mayar da shi host, wato irin na sabar kanta, domin baƙuwar ta samu umarnan hanzari na AES-NI da AVX, sai dai in za a riƙa kwashe ta tana kunne zuwa sabar da furosesarta ta bambanta.

Faifan kansa da manhajar fio muke gwada shi, ƙananan rubutu na 4K a warwatse, muna kallon await, wato tsawon jiran faifai, a iostat -x. A nan asirin faifan SSD mai araha yake tonuwa, irin wanda masu kawo kaya ke rantsuwa cewa daidai yake da na saba. Ba shi da kariyar ɗaukewar wuta, don haka duk rubutun da ake jiran tabbacinsa, kamar na rumbun bayanai, sai ya durƙushe. Abokin ciniki ya yi ta ja a kan farashin na ƙwarai, bayan wata biyu ya dawo neman gyara.

A gajimare, wato sabobin haya ta intanet, dokar daban ce. Faifan EBS da aka ciro daga snapshot (kwafin faifai da aka adana) a AWS, gajimaren Amazon, yana janyo kowane yanki ne ranar da aka fara taɓa shi, shi ya sa muke karance shi kaf da fio ko dd kafin mu miƙa. Nau'in faifai gp2 yana ba da IOPS (karatu ko rubutu a daƙiƙa) 3 ga kowace GB, gp3 kuma 3000 komai ƙanƙantarsa. Injinan T2 na AWS da ajiyar ƙarfin furosesa suke gudu, girke-girken ranar farko kaɗai kan iya cinye shi, sai ka ga an daƙile furosesar alhali ba a ma fara ainihin aikin ba.