Asabar, ranar da aka buɗe littafin kuɗi

Yau kam a ƙungiyarmu ta rawa ko taku ɗaya ba mu yi ba, mitin muka sha tun bayan azahar har aka kira magariba. Maganar rabon kuɗi ce. Duk wasan da aka gayyace mu, biki ne ko otel, makaɗa ke ɗaukar kaso mai tsoka, sai maza masu rawa, mu mata sai abin da ya rage, alhali mu ke wanke kayan rawar mu goge, in siket ɗin rawar bamaya ya yage mu ke zama da allura har dare. Kuma littafin kuɗin ba mai ganinsa sai shugaba da ma'aji. Yau dai matasa suka matsa aka ajiye shi kan benci kowa ya duba, wallahi ɗakin tsit ya yi.

Da aka zo maganar mata su ma su taɓa kiɗa, babban makaɗinmu ya ce shi haka ya taras, ganga ba ta mata ba ce. Na ce Baba, Allah ya ƙara girma, ba ƙwace muku za mu yi ba, ku dai koya mana. Ya harare ni ya yi dariya, ya ce to ranar Alhamis mu zo ya ga hannunmu.

Abin da ya fi ci min rai kuma daban ne. Shugaba kullum sai ya kawo mana labarin Ghana Dance Ensemble, ƙungiyar rawa ta ƙasa, yadda malaman kiɗa da rawa Nketia da Mawere Opoku suka kafa ta a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1962 zamanin Nkrumah don rawar kowace ƙabila ta hau dandali ɗaya. Gaskiya ne, mu ma muna rawar ƙabilu daban-daban, adowa da agbadza da kpanlogo da takai. Amma fa a kwamiti ba ɗan zango ko ɗaya, yaran unguwannin Nima da Mamobi na Accra sai in za a yi rawar arewacin Ghana ake tuna su, ana gamawa su koma layin baya. Na faɗa a gabansa, ya ɗan ɓata rai amma bai musa ba.

Sai yaronmu kurma, wanda ke bin kiɗa ta girgizar daɓe kuma ya fi rabinmu iya takai, yana zaune ba mai fassara masa komai, ƙanwarsa ce ta riƙa rubuta masa a waya. Dokar naƙasassu ta Ghana tun 2006 take, har shekara 10 ta ba masu gine-gine su gyara, mu har yau a saman bene muke atisaye, mai keken guragu ko leƙowa ba zai iya ba.

An dai tsayar: rabo daidai ga duk wanda ya hau dandali, mata biyu su shiga kwamiti, ba atisaye lokacin Juma'a, mai son sa hijabi da doguwar riga ta sa abinta. Maganar bene an ce sai an samu kuɗin haya. Littafin kuma wai ni zan riƙe daga wata mai kamawa, na ce sai in ma'aji zai zauna mu bi lissafin bara tare tukuna.